Mu San Ƙasarmu: Ingal, Garin Dabino da Gishiri

Kowace shekara, in damana ta kusa ɗaukewa, sunan Ingal yakan cika rediyo. A cikin watan Satumba ne makiyaya suke haɗuwa can domin bikin lasar gishiri, wanda ake ce wa kyur sale da Faransanci. Manyan baƙi su zo daga Yamai da Agadas, a yi jawabi, a yi rawa, a yi sukuwar raƙuma. Bayan kwana uku motoci su juya, ƙura ta kwanta, ba a sake jin sunan garin sai baɗi.

Da yawa cikin masu zuwa, a filin biki suke sauka, nan suke kwana, daga nan suke komawa gida. Ba su taka cikin gari ba, ba su leƙa garka ko ɗaya ba, ba su zauna a maƙera ba. Sun ga taro, amma Ingal ɗin kanta ba su gan ta ba. Alhali kuwa abin kallon da ke cikinta da kewayenta ya ishi baƙo mako guda cur.

Hanyar zuwa

Ingal tana cikin jahar Agadas, wajen kilomita 120 yamma da birnin Agadas. Tun shekarar 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kuma ƙasarta tana da faɗi ƙwarai, don ta kai har Asamaka, bakin iyakar Aljeriya. Wanda ya taso daga Tawa zai bi ta Abalak, ya miƙe kan babbar hanyar kwalta, sa'an nan ya ratse arewa a mararrabar da ke kai mutum garin.

A da ba sai an ratse ba. Tsohuwar hanyar Tawa zuwa Agadas ta cikin Ingal take wucewa. Ayarin raƙuma da manyan motoci duk nan suke ya da zango, su sha ruwa, su sayi guzuri. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, sai aka bukaci hanya mai ƙarfi. Aka shimfiɗa kwalta a ƙarshen shekarun 1970, ta bi ta kudu, ta bar Ingal a gefe. Masu tuwo-tuwo, masu masauki da ƴan kasuwa suka ji a jikinsu. Tun daga lokacin, sai mai niyya yake zuwa Ingal.

Kafin matafiyi ya isa, zai ga wani dogon tsauni mai kama da katanga ya yi baka daga wajen Ingal ya nufi Marandet. Shi ne tsaunin Tigidit. Daga gindinsa zuwa arewa kuma sai shimfiɗaɗɗen fili na laka, wanda Abzinawa suke kira Irhazer. Da rani fako ne, ko tsinke babu. Da ruwa ya sauka sai ya yi kore shar, amma mota ba ta shiga sai da wanda ya san ƙasa, don lakar tana riƙe taya kamar danko.

Cikin gari

Tsohon garin ginin ƙasa ne, soraye masu azara, da lunguna ƙanana waɗanda jaki da kaya da ƙyar yake ratsawa. An matse gidajen ne da gangan, domin inuwa da kuma tsare iska mai yashi. Da rana tsaka gari yakan yi tsit. Sai la'asar ta yi sanyi mutane suke fitowa ƙofar gida, a hura gawayi, a ɗora shayi.

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne harshe. A kasuwa zai ji Hausa, da Buzanci, da Fulatanci, da Larabci. Amma ƴan asalin garin, waɗanda ake kira Isawaghan, suna da nasu harshe, sunansa Tasawak. Tushensa Sanwai ne, ya cuɗanya da kalmomin Buzanci da na Larabci masu yawa. Bazabarme in ya kasa kunne zai tsinci kalmomin da ya sani, amma zancen ba zai kama shi duka ba. A duk duniya, Ingal da Tegidda ne gidan wannan harshe.

Akwai darasi a nan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya tarar mutanen birnin suna magana da wani harshe ɗan'uwan wannan. Yau babu mai jin sa a Agadas, Hausa ta maye gurbinsa. Na Ingal yana nan da ransa saboda iyaye mata suna yi wa ƴaƴansu shi a cikin gida. Ranar da suka daina, ya bi sawun na Agadas.

Ana kuma nuna wa baƙo tsohon barikin soja da Faransawa suka gina a 1917. Shekarar yaƙin Kawusan ke nan. Kawusan da mutanensa sun kewaye barikin Faransawa na Agadas daga watan Disamba na 1916 har zuwa watan Maris na 1917. Da Faransawa suka sami taimako suka fi ƙarfinsa, sai suka huce haushinsu kan mutanen ƙasar, aka kashe jama'a da dama, har da malamai. Barikin Ingal shaidar wannan zamani ne.

Garaken dabino

Arzikin Ingal na fari yana bakin ƙorama. Ƙoramar ba ta gudu sai an yi ruwan sama, amma takan bar ruwa a ƙarƙashin yashi, shi ne dabino yake sha. Garake suna jere a gaɓarta, kowace da shingenta da rijiyarta. A ƙarƙashin dabinon ana shuka albasa, tumatir da sauran kayan miya lokacin sanyi.

Dabinon da garin ya yi suna da shi ana kiransa almadina. Tsofaffi suna cewa sharifai ne suka zo da irinsa daga Madina, suka yi ta gwada shi wuri-wuri bai kama ba, sai a nan. Yana da laushi da zaƙi, kuma ba ya jimre doguwar ajiya kamar busasshen dabinon Kawar. Shi ya sa wanda bai ci shi a Ingal ko Agadas lokacin nunarsa ba, bai san ɗanɗanonsa na gaskiya ba.

Aikin dabino aiki ne na haƙuri. Akwai namiji, akwai mace, kuma mace kaɗai take haihuwa. Lokacin fure, mai garka yakan hau da kansa, ya ɗauko furen namiji ya sa cikin na mace, itace bayan itace. Wanda ya shuka ƙwallo bai san abin da zai fito ba, kusan rabi maza ne, matan ma ba lalle su yi kama da uwar ba. Mai son almadina ta ainihi sai ya cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa ya dasa, ya yi ta ban ruwa shekaru kafin ya ga nonon fari.

Garaken suna da abokan gaba. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun sa ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa. In kuma ruwa ya yi yawa, ƙorama takan ci gaɓa, ta kwashe itatuwan da kakanni suka dasa. Ga wani ɗan farin ƙwaro mai mannewa a ganye yana tsotse shi har ya bushe. Dabinon da ya faɗi a dare ɗaya, sai an shekara da shekaru kafin a mai da kamarsa.

Maƙera da masu saƙa

Daga garka sai maƙera. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, su ne masu azurfa, da itace, da fata. Kowa ya san sarƙar wuyan nan ta azurfa mai suna Agadas. Irinta guda 21 ake lissafawa a ƙasar Nijar, kowace da sunan garinta ko yankinta. Ta Ingal ta fita daban, domin ita jan dutse ne mai tsini aka dasa cikin gidan azurfa. Da Buzanci ana ce mata tanfuk. Dutsen dangin talhatana ne, irin wadda mata suke ratayawa tun zamanin da. Daga nesa yake zuwa. Da fari daga Kambay ta ƙasar Indiya fatake suke kawo shi ta hanyar Makka da Masar, daga baya aka riƙa sassaƙo shi a wani gari na Jamus mai suna Idar-Oberstein. Yanzu sau da yawa jan gilashi ake sawa.

Ya kamata baƙo ya zauna ya ga yadda ake zubin azurfa. Maƙeri yakan fara siffanta abin da kakin zuma. Ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa a wuta har kakin ya narke ya tsiyaye. Sai ya narka azurfa ya zuba cikin gurbin da kakin ya bari. In ta huce ya fasa yumɓun, ya goge da magagari, ya zana ado da ɗan ƙarfe mai tsini. Tun da sai an fasa yumɓu kafin a fitar da ita, kowace ɗaya da nata zubin, ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Ingal ta kuma yi suna wajen sirdin raƙumi. Sirdin Abzinawa a gaban tozo ake ɗora shi, mahayi ya ɗora ƙafafunsa a wuyan raƙumi. Gabansa yana da kai mai reshe uku, bayansa yana da majingina. Ana sassaƙa shi da itace, a rufe da jar fata da koriya, a yi masa ado da farin ƙarfe da tagulla. Maza suke aikin itace da ƙarfe. Matansu kuma su ne masu aikin fata: jakunkuna masu tuntaye, matasan kai, da gidan laya. Matan Isawaghan su ma ba a bar su a baya ba wajen saƙar tabarmar kaba mai launi, wadda ake shimfiɗawa a ɗakin amarya.

Waɗannan sana'o'i ciniki ne yake raya su. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, da rashin kwanciyar hankalin da ya biyo baya a yankin Sahel, sun kore baƙin waje masu yawon buɗe ido. Matasa kuma da yawa sun koma babur, sun bar raƙumi. In maƙeri bai sayar ba, ɗansa ba zai zauna gindin zugazugi ba, zai tafi neman zinariya ko ya nufi Aljeriya.

Tegidda, inda ake noman gishiri

Wajen kilomita 80 arewa da Ingal akwai Tegidda-n-Tesemt, wato Tegiddar gishiri. Mutanenta da na Ingal dangi ɗaya ne, harshensu ɗaya. Da yawa suna da gida a nan, suna da gida a can. Da rani suna aikin gishiri, in damana ta faɗi ruwa ya cika ramuka sai su komo Ingal.

Wanda ya hau tudu ya duba ƙasa zai ga ɗaruruwan ramuka masu kewaye, manya da ƙanana, a jere kamar an baza ƙore a tsakar gida. Wani ja, wani rawaya, wani ruwan ƙasa, wani fari fat, gwargwadon yadda ruwan kowane ya ƙafe. Masu ɗaukar hoto daga jirgin sama sun kai hoton wurin ƙasashe da yawa. Amma masu shi ba don ado suka yi ba, aiki ne.

Ga yadda ake yi. A kwaso ƙasa mai gishiri a zuba cikin babban rami. A ɗebo ruwan rijiya, shi ma mai gishiri, a zuba a kai, a tattaka a dama. In laka ta kwanta, a kwashe ruwan sama-sama a zuba cikin ƙananan ramuka, a bar wa rana da iska sauran aiki. Gishirin da ya taru a kwashe, a cura shi, a shanya. Lakar da aka gama da ita kuma a jibge ta gefe. Tuddan da ke kewaye da wurin duk wannan laka ce, ta shekaru aru-aru. Gishirin Tegidda ja-ja ne, na bisashe ne. Tun da can ana kai shi kasuwannin Adar da sauran ƙasar Hausa, a komo da hatsi.

Kufan Azelik da Marandet

Ba nisa da Tegidda akwai kufan Azelik. Masu binciken tarihi da yawa sun yarda nan ne birnin Takadda, wanda matafiyin nan na Maroko, Ibn Batuta, ya sauka a cikinsa a 1353. Ya ba da labarin cewa ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a narka shi a gidaje, a yi shi sanda-sanda. Da sandunan ake sayen nama, da itacen wuta, da hatsi, kuma ana kai su har Gobir da Barno. Mutanen Ingal suna cewa daga Azelik kakannin wasunsu suka fito, bayan birnin ya faɗi a yaƙi da Sarkin Agadas. Yau abin da ya rage shi ne tushen gine-gine, da kufan masallatai, da maƙabartu, da fasassun tukwane.

A Marandet kuma, can gindin tsaunin Tigidit, an tono dubban ƴan ƙananan tukwane na narkar da jan ƙarfe. Marubutan Larabawa sun ambaci wani gari mai suna Maranda fiye da shekara 1000 da suka wuce, kuma ana danganta shi da Gobirawa kafin su gangaro kudu. Ke nan Bagobirin Tibiri ko na Sabon Birni in ya zo nan, ƙasar kakanninsa ya zo.

Ƙasusuwan da suka zama dutse

Akwai abin da ya girmi duk waɗannan. Makiyaya sun daɗe suna ganin waɗansu manyan ƙasusuwa da suka zama dutse a cikin jar ƙasar yankin. Abzinawa suna cewa na wata dabba ce mai suna Jobar. Masana suka ce na dinozor ne, wato manyan dabbobin da suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake da gulabe da dazuzzuka. Gumaguman itatuwan da suka zama dutse suna nan warwatse, suna ba da shaida.

A 1993 wani masani daga jami'ar Shikago ta Amurka, Paul Sereno, da ƴan tawagarsa suka tono wata mai cin nama, aka sa mata suna Afrovenator. A 1997 suka tono wata mai cin ganye, mai dogon wuya, tsawonta ya kai wajen mita 18. Aka sa mata suna Jobaria tiguidensis, wato an haɗa sunan Jobar da na tsaunin Tigidit. Makiyayan yankin ne suke nuna wa masana wuraren. Yau ƴan lakwal a ƙasashe masu nisa suna karanta sunan Tigidit cikin littattafansu.

Ranar biki

Wanda ya ga waɗannan duka, shi ne zai gane bikin da kyau. Da damana ta sauka, makiyaya suke koro bisashe arewa, su bar wa manoma gonakinsu. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta domin kiwo. A Irhazer dabba takan sami ɗanyar ciyawa, da ƙasa mai gishiri, da ruwa mai kanwa. Ta yi ƙiba, ta ƙara nono, ta sami ƙarfin jure rani. Wannan shi ne asalin lasar gishiri. Rawa da kiɗa daga baya suka biyo, don dangin da suka shekara ba su ga juna ba sun haɗu. A nan ake ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta rigima. Tun bayan samun mulkin kai a 1960, hukuma take amfani da taron domin yi wa mutane da bisashe allurar rigakafi da jin kukan makiyaya.

Matan Abzinawa sukan ɗaure fatar akuya a bakin turmi, ya zama ganga, ita ce tende. Su zauna a kewaye suna waƙa da tafi, maza kuma su riƙa zagaya su bisa raƙuma da ado, raƙumi yana taka rawa daidai da kiɗa. Da dare, mai sa'a zai ji anzad, ɗan gogen nan na ƙwarya mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki, wanda mata kaɗai suke kaɗawa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, a shekarar da ta sa tsohon birnin Agadas.

Samarin Fulani Wodabe kuwa sukan wuni suna kwalliya. Su shafa jar ƙasa ko rawaya a fuska, su ja layi a kan hanci, su baƙanta leɓe, su kafa gashin jimina a ka. Sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, suna ɗaga dunduniya, suna zare ido da nuna farin haƙori, ƴan mata suna duban wanda ya fi. Gerewol na sosai, wanda zuri'a biyu suke haɗuwa su yi kwanaki, a daji ake yin sa bayan an watse daga Ingal.

Abin da ake roƙon baƙo

Mai niyyar zuwa ya fara tambayar hukuma halin da hanya take ciki, kada ya shiga daji sai da izini da ɗan jagora na gari. In ya isa, ya gai da sarkin gari da dattawa. Kada ya ɗauki hoton mace ko na mai rawa sai ya nemi yarda. In zai sayi tanfuk ko tabarma, ya saya hannun wanda ya yi, kada ya taya kamar mai sayen gawayi, don aikin kwanaki ne.

A kufai da wurin ƙasusuwa kuma, ido ne yake kallo, hannu ya tsaya a aljihu. Doka ta hana ɗauka ko sayar da kayan tarihi. Ƙashin da aka ɓalle aka sayar wa baƙo, kuɗinsa ba ya kai kasuwa biyu, amma ya tafi ke nan har abada. Wanda ya ga sabon wuri ya sanar da sarki ko hukuma.

Ga ƴan gari su ma akwai nasu. Kowane mai garka ya dasa ɗan almadina tun uwar tana tsaye. A haɗa hannu a tare gaɓar ƙorama kafin ruwa ya zo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman lakwal su kai yara maƙera da Tegidda, su ga abin da garinsu yake da shi. Kwalta ta kauce wa Ingal, amma ba ta tafi da dabino ba, ba ta tafi da gishiri ba. Waɗannan sai in masu su ne suka sake su.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya kai makiyaya da bisashensu gida lafiya.